Yadda Ake Tsinto Tsofaffin Kayan Tangaran a Gwanjo, a Sayar da Riba a Katsina

Gwaggona dillaliya ce a cikin birni, ni ne kuma ɗan dakonta tun ina firamare. Ita ke shiga gidaje, ni in tsaya a zaure ina jiran a miƙo ƙullin kaya. Duk farantin da aka ba ta, kafin ta kalli furen da ke fuskarshi sai ta kifa shi ta duba gindin, sannan ta ɗora shi bisa yatsunta ta ƙyasta bakinshi da farce ta kasa kunne. Yau shekaru da dama ina wannan sana'a da kaina, kuma kusan duk ribar da na taɓa ci daga abubuwan nan biyu ta fito. Wanda ya iya karanta gindin faranti, ya kuma iya sauraren muryarshi, ya gama rabin aikin tun kafin a yi maganar kuɗi.

Kayan da za ka tanada

Ƙaramar tocila mai ƙarfin haske. Ta waya ma ta wadatar. In ka samu irin mai shuɗin hasken nan da ake duba jabun kuɗi, saye ta, don sau da yawa tana tona asirin gam da fentin da aka rufe gyara da su. Sai gilashin ƙara girman rubutu irin na masu gyaran agogo. In babu, ɗauki hoton tambarin masana'anta da ke gindin kayan da waya ka ja shi ya girma. Ka riƙe tsumma mai laushi da gorar ruwa, saboda ƙurar shekara ashirin tana ɓoye tambari, tana kuma ɓoye tsaga. Ka tara tsofaffin jaridu da kwali mai ƙwari da igiya. Ka tafi da tsabar kuɗi, ƙananan canji a aljihu ɗaya, manya a wani, domin tsofaffi da yawa ba su son taransifa, kuma da zarar ka zaro damin 'yan dubu-dubu gaban mai kaya farashi ya hau. Littafi da biro na rubuta abin da ka saya da nawa.

In kai namiji ne, akwai abu guda da ya fi duk waɗannan: dillaliya amintacciya. Kayan kirki na cikin ɗakunan mata, inda ba ka shiga. Mace kuwa da ke son wannan sana'a ta riga ta fi mu da wannan ƙofa.

1. Ka san abin da kake nema

Kayan da ke kawo kuɗi a nan iri uku ne.

Na farko tangaran ɗin waje da aka yi wa iyayenmu jere da shi, ko wanda ma'aikatan gwamnati da alhazai suka shigo da shi: farantai, kofunan shayi da 'yan farantansu, butar shayi, kwanon miya mai murfi. Na Ingila ya fi daraja, musamman na yankin Staffordshire, na kamfanoni irin su Johnson Brothers, Alfred Meakin, Royal Albert, Royal Doulton da Wedgwood. Na Japan kuma Noritake. Wannan shi ne abincinka na yau da kullum.

Na biyu langa da samira da fanteka. Su ƙarfe ne aka shafe da ruwan gilas, ba yumɓu ba, amma kwaba ɗaya suke kwana da tangaran, masu sayensu ma ɗaya ne. Ɗaga langa ka saita ta da rana. In haske ya ratso ta gindi, tsatsa ta huda ta, bar ta.

Na uku shi ne wanda ba kullum ake gamuwa da shi ba: kayan Abuja. Ba Abujar yanzu ba, tsohuwar Abuja da ake kira Suleja a yau. A farkon shekarun 1950 wani Baturen Ingila magini, Michael Cardew, ya buɗe makarantar koyon ginin tukwane a can. A 1954 Ladi Kwali, 'yar Gwari daga garin Kwali, ta shiga, ita ce mace ta farko a wurin. Tun kafin nan Sarkin Abuja Sulaiman Barau na tara tukwanenta. Ita ce matar da ke bayan naira ashirin tana gini. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Manyan tulunanta ana sayar da su fam dubbai a gidajen gwanjon Ingila. Makarantar ta yi kayan amfanin gida da yawa, kofuna, kwanuka, tukwanen miya masu murfi, kwalaben mai masu murfin murɗawa na yumɓu, kuma ma'aikatan Jihar Arewa sun saye su sun watsu da su. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne ka tsinci ɗaya a gidan tsohon ma'aikaci a Katsina ko Daura. Kada dai ka gina jarinka a kan wannan fata. In ya zo, rabo ne.

2. Inda ake samu

Fara da 'yan gwanjo a Babbar Kasuwa da 'Yar Kutungu, ka riƙa leƙawa akai-akai har su san fuskarka. Ka yi sabo da 'yan jari-bola. Ƙarfe da roba suke nema, tangaran nauyi ne kawai a kurarsu, in sun san akwai mai saye za su ajiye maka maimakon su bari ya farfashe. Kasuwannin ƙauye da na kan iyaka irin su Mai'aduwa da Jibiya suna fitar da tsofaffin langa.

Amma mafi kyawun kaya a gida ake samunsu: masu tashi daga gidan haya, iyalan tsofaffin ma'aikata a GRA, da uwar da ke son kwashe tsohon jerenta ta haɗa kuɗin kayan ɗakin ɗiyarta. Lokacin da aure ya yi yawa, kamar gabanin azumi da bayan Sallah, dillalai sun fi samun irin wannan. Ka je da safe ko da rana tsaka. Ban yarda da cinikin tangaran bayan la'asar sakaliya ba, zan faɗi dalili a gaba.

3. Kifa shi ka karanta gindin

Goge gindin da jiƙaƙƙen tsumma, ka haska. Rubutun da ke wurin da Turanci yake, amma kalmomin da kake buƙata kaɗan ne, haddace su ake yi.

Wata dokar haraji da Amurka ta yi a 1890 ta tilasta a riƙa rubuta sunan ƙasa a jikin kayan da ake shigar mata, don haka daga 1891 masana'antun Ingila suka fara sa kalmar "England". In ka ga "Made in England" cikakke, kayan ƙarni na 20 ne ko bayanshi. "Nippon" na nufin Japan tsakanin 1891 da 1921. "Made in Occupied Japan" an yi shi ne lokacin mamayar da ta biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wadda ta ƙare a 1952, kuma akwai masu tara wannan kaɗai. "West Germany" tsakanin 1949 da 1990 ne. "Czechoslovakia", wanda za ka fi gani a gindin langa, ƙasa ce da ta rayu daga 1918 zuwa ƙarshen 1992. Duk abin da aka rubuta wa "microwave safe" ɗan bayan-bayan nan ne, bai wuce shekarun 1970 zuwa yau ba, komai rantsuwar mai kaya cewa na kakarshi ne.

Ka yi hattara da zanen Royal Albert mai jajaye da rawayen furanni da bakin zinari, wanda ake kira Old Country Roses. Tun 1962 ake yin shi, ya yi farin jini har an cika duniya da kwaikwayonshi, kamfanin ma ya kwashe aikinshi daga Ingila a 2002. Na kwaikwayo yakan yi nauyi, tambarinshi ya yi dishi-dishi, furen kuma kamar hoton da aka manna. Na ainihi shafal yake, in ka sa tocila a bayanshi za ka ga inuwar yatsunka ta ciki. Haka irin wannan tangaran yake, haske na ratsa shi; farantin yumɓu na gama-gari ba ya bari.

Kayan Abuja kuwa ba su da farin tambari mai tawada. Suna da nauyi, launinsu mai duhu ne, ruwan ƙasa ko baƙi-baƙi ko kore mai duhu, da ƙyalli kamar an zuba masu gilas. A gindi ko kusa da shi za ka ga ƙananan hatimai da aka danna cikin yumɓun tun yana ɗanye: ɗaya sunan Abuja da haruffan Larabci, ɗaya kuma haruffan sunan magini. Na Ladi Kwali LK ne. Akwai wasu maginan da su ma ake neman aikinsu, irin su Asibi Ido, Halima Audu da Ɗanlami Aliyu. Shafa hatimin da yatsa. Wanda aka danna kafin gashi gefenshi a tausashe yake. Wanda aka karce da ƙusa daga baya yana da kaifi, kuma launin cikinshi ya saɓa da sauran gindin. Zanen Ladi Kwali na ƙadangare ne, kunama, kada, hawainiya, kifi, tsuntsu, an zana su ta hanyar karce jikin tukunya. Babban tulunta da aka shafe da ruwan gilas ba ya tsatsafo, don haka ba ya sanyaya ruwa kamar randar gida, ga nauyi. Wannan ya sa in ya shigo gidan Bahaushe yakan ƙare a kusurwa ana zuba mashi tarkace.

Wata rana a wani gida wajen Ƙofar Marusa, ina zaure ina duba kofunan da aka fito mani da su, sai na hangi wani ɗan baƙin kwano a gindin bango, kaji na shan ruwa ciki. Na ce wa tsohuwar, "Inna, a ba ni izini in ga wancan." Ta yi dariya ta ce, "Ɗan nan, kwanon kaji ne fa. Marigayi ya zo da shi lokacin yana aiki Minna." Na zubar da ruwan, na kankare gansakukar da farce, sai ga rubutun Larabcin nan ɗan mitsitsi. Ba na Ladi Kwali ba ne, na wani magini ne na makarantar, amma lafiyarshi lau.

4. Gwada lafiyarshi da kunne, da yatsa, da haske

Ɗora farantin bisa yatsu uku, kada ka riƙe bakinshi, ka ƙyasta da farce ko da bayan biro. Lafiyayye zai yi ƙara siririya mai jan lokaci, kamar ƙararrawa. Mai tsaga zai ce "ƙwas" ya yi shiru. Kunne na kama tsagar da ido bai gani.

Sannan rufe ido ka zagaya bakin da yatsa, da gindin, da bakin butar shayi, da cikin murfi. Yatsa na jin ɓantarewa da wurin da aka cike aka shafe. Sai ka karkata shi a haske ka nemi tsaga mai kama da gashi. Akwai kuma wata tsattsagewa ta saman ƙyalli kawai, mai kama da saƙar gizo. Ba ta fasa faranti, amma tana shan mai da datti, tana rage kuɗi.

Mariƙi shi ne inda aka fi yaudara. Na taɓa sayen butar shayi 'yar Ingila dab da magariba, a wata rumfa mai duhu, ina ɗokin araha. Na wanke ta na sayar wa wata baiwar Allah. Ranar da ta zuba ruwan zafi gaban baƙinta, mariƙin ya rabu da butar a hannunta, ashe da gam aka liƙa shi aka bi da farin fenti. Allah ya tsare ba wanda ya ƙone. Na mayar mata da kuɗinta, amma kunyar ta daɗe ba ta sake ni ba. Tun ranar, duk mahaɗar mariƙi sai na haska ta, na shinshina ta, na kuma karce ta kaɗan da farce. Fenti na kamuwa, gilas ba ya kamuwa.

Kuma kada ka saya ta hoto. Cinikin biri a sama ke nan.

5. Tambayi asalin kayan

Wannan matakin gajere ne amma ba a tsallake shi. In kayan mamaci ne, tambaya ko an raba gado, kuma wa ya mallaki wannan. Kada ka karɓi kayan marayu daga hannun mutum ɗaya a ɓoye. In yaro ne ya kawo saitin faranti a buhu yana waige-waige, ce mashi ya zo da babba.

Akwai kuma abin da ko kyauta aka ba ka kada ka taɓa: kayan tono. Ƙasar Katsina na da tsofaffin mutum-mutumin yumɓu da ake haƙowa, dangin na Nok da na Sakkwato, waɗanda tun shekarar 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa cikin jerin kayan Afirka da ake sacewa. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana saye da sayar da kayan tarihi sai ga wanda hukumar ta ba izini, kuma aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 yana cikin wannan. In wani ya kawo maka kan mutum na yumɓu da ƙasa a jiki, ko ya ce daga wajen Durɓi ta Kusheyi aka samo, nuna mashi hanyar gidan tarihi da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina.

6. Ciniki

Kafin ka buɗe baki, ka san nawa za ka sayar. In kana da data, ɗauki hoton tambarin ka nema a Google, sannan a kasuwar intanet ta eBay ka duba farashin da aka riga aka sayar, ba wanda mai kaya ke fata ba. Tazarar da ke tsakaninsu babba ce. Kuma ka tuna farashin Landan ba na Katsina ba ne. Ƙa'idata ita ce kada in biya fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da nake sa ran samu. A ce kana ganin saitin zai tashi dubu talatin, to ka tsaya a goma. Sauran na la'adar dillaliya ne, da kuɗin mota, da abin da zai fashe a hanya, da watannin da kaya za su yi a ɗaki kafin mai saye ya zo.

Wurin ɗan gwanjo, kada ka ɗauki abin da kake so shi kaɗai ka yi ta juya shi. Haɗa shi da wasu uku ko huɗu ka ce, "Nawa za a bar mani duka?" In ya ce ka yi tayi, yi na mutunci. In ya ce albarka, ƙara kaɗan sau ɗaya ko biyu, ka miƙe. Wanda zai sallama zai kira ka.

Cikin gida kuwa lamarin daban ne. Ɗan gwanjo ɗan kasuwa ne kamarka, tsohuwar da ke zaune a ɗaki ba ta san kasuwa ba. Kwanon kajin nan, Inna cewa ta yi in ɗauka kyauta. Na ce mata, "Inna, wannan yana da masu nema, kuɗinshi ya fi na kofunan nan duka." Na biya ta abin da na ga ya dace, na kuma sayo wa kajin wani kwano. Na ci ribata daga baya, kuma ta hanyarta gidaje huɗu na danginta suka buɗe mani.

7. Wanki

Ruwa mai ɗumi-ɗumi, sabulun wanke-wanke, soso mai laushi, a cikin robar wanki ba bisa siminti ba. Ɗaya bayan ɗaya. Kada ka sa soson ƙarfe ko toka ko yashi. Bakin zinari a saman ƙyalli yake, gugar minti ɗaya na cinye shi. Kada ka jiƙa da bilic: yana shiga tsattsagewar ƙyalli, ya bushe a ciki, daga baya ya riƙa ɓamɓaro fatar. Tabon shayi a cikin kofi, bekin soda da ɗan ruwa a yatsa na fitar da shi. Da hunturu kada ka zuba ruwan zafi kan farantin da ya kwana cikin sanyi, tsagewa yake nan take. Kayan Abuja kuwa ruwa da tsumma sun ishe su.

Abin da ya fashe, kada ka liƙa da sufagulu ka sayar a matsayin lafiyayye. Ko ka sayar da shi yadda yake, ko ka ajiye murfinshi.

8. Cike gurbi

Ga inda ribar da ba ta yankewa take, kuma sababbin shiga ba su ganinta. Kofi ɗaya ba ya da kuɗi. Kofi shida iri ɗaya da 'yan farantansu da buta, saiti ne, kuɗinshi ya ninka na ɗaiɗaiku nesa ba kusa ba. Gidajenmu cike suke da saitin da yara suka rage: farantai biyar, buta ba murfi, murfi ba kwano. Saye su da araha, ka ware kowane zane a kwalinshi, ka rubuta a littafi abin da ya rage. Akan shigo da zane ɗaya da yawa a zamani ɗaya, amaren shekara ɗaya sukan yi jere iri ɗaya, don haka abin da ya ɓace a wannan gida yana nan a wani gidan cikin unguwa. Murfi musamman kada ka bari ya wuce ka, na tangaran ne ko na langa. Ina da kwali guda na murafe zalla, kuma ya sha mayar da kwanon da ba mai kallo ya zama abin saye.

Sai dai ka haɗa gaskiya da gaskiya: kifa su duka, tambari ya zama ɗaya, fari ya zama ɗaya. Zane ɗaya na iya fitowa daga masana'anta biyu.

9. Sayarwa da aikawa

Ɗauki hoto da safe a inuwa, bisa farin zane: gaba, gefe, gindi da tambari, da duk wani aibi a kusa. Faɗi aibin da bakinka kafin a tambaya. Wanda ƙyallinshi ya tsattsage, ko tsoho mai launi a inda abinci ke taɓawa, ce wa mai saye na ado ne, don wasu tsofaffin kaya akwai dalma a ruwan gilas ɗinsu. Masu saye su ne iyayen amare, masu ƙawata wurin biki da ke son jeren gargajiya, matan da ke neman irin na mahaifiyarsu, da masu tarawa a Kano, Kaduna, Abuja da Legas. WhatsApp da Instagram sun isa farawa. In Allah ya haɗa ka da mai hatimin LK, kada ka yi gaggawa. Nemi wanda ya san kayan ya gani ido da ido, kuma in mai sayen na waje ne, je gidan tarihi ka nemi takardar izinin fitarwa tukuna.

In za a ba direba a tasha, naɗe kowane guda shi kaɗai da jarida, murfi daban, ka cusa takarda cikin kofuna da buta. Farantai a tsaye ake jera su bisa gefensu, ba a kwance ɗaya kan ɗaya ba. Sa su a ƙaramin kwali, ka sa shi cikin babba, ka cike tsakani da dusar katako ko ɓuntun shinkafa in jarida ta ƙare. Ɗaga kwalin ka girgiza kusa da kunnenka; in ka ji wani abu ya motsa, buɗe ka ƙara cikawa. Ka tsaya har ka ga inda aka ajiye shi, gaban mota ko ƙarƙashin kujera, ba cikin but tare da buhuna ba, sannan ka karɓi lambar direban ka tura wa mai kaya.